Idon Baƙuwa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, mutumin da zan yi magana a kansa kuwa a tsakiyar masu digiri ya ƙare ƙuruciyarsa. Na yi ta jira ko ɗaya daga cikinsu zai rubuta wani abu, ko da layi biyu ne. Aka yi sadakar bakwai, aka yi ta arba'in, shiru. Ga kuma tsoro iri biyu: kada in faɗi abin da zai ɓata sunan mamaci, kada kuma in ɓoye abin da zai hana shi kwanciya lafiya. A tsakanin waɗannan na rame, har matata ta ce in ban yi hankali ba za a yi zaman makokina kafin damina. To, daminar ce ma ta sa na zauna yau na rubuta. Za ku ga dalili.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya rasu a gidansa da ke Samaru bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Shi ya riƙe ɗakin madubi na jami'a tun gashinsa na baƙi har ya yi ritaya. Ga wanda bai sani ba, ɗaki ne guda da aka tara na'urorin nan da ake ce wa madubin likita, masu nuna abin da ido ba ya iya gani. Ba na sashe ɗaya ba ne. Masu karatun noma, da na dabbobi, da na magani, duk nan suke zuwa, kowa da lokacinsa. Yaya ne mai mabuɗi, shi ke raba lokaci, shi ke gyara, shi ke faɗa.

Ranar zaman makoki motoci suka cika layin, har mai rake ya rasa inda zai tsayar da baronsa. Manyan malamai suka zauna a tabarma suna ta gyara babbar riga. Kowa ya buɗe baki sai ya ce, "Baba namu ne." Wani ya tuna maganar da Yaya yake yi wa duk wanda ya gama aiki ya miƙe zai fita bai goge ba, bai rufe ba: "Na bayanka fa?" Suka yi ta maimaitawa suna murmushi, kamar sunan wata waƙa da suka sani tun suna yara. Wani Farfesa mai jiki ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "An yi rashi, Malam. Irin su Baba an daina yi." Na san shi sarai, zan zo kansa. Na ce masa Allah ya ba da lada.

Mutum ɗaya na gani ta yi kuka na gaske a cikin mutanen jami'a. Wata mata ce Kirista, 'yar kudancin Kaduna, da ta yi karatu a ɗakin. A motar haya ta zo, ta yafa mayafi ta shiga cikin mata ta zauna har la'asar.

Da na fito rakiya, sai na tarar da wasu malamai biyu matasa a jikin mota, ba su lura da ni ba. Ɗaya ya ce, "Tsohon ya tafi da sirrinsa. Har yau Baƙuwa ido uku gare ta." Ɗayan ya ce, "Ai ramuwa ya yi." Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Da suka gan ni suka gyara fuska: "Sannu da haƙuri, Baba." Ko kwana uku bai yi a ƙasa ba.

Duk wanda ke wurin zai ɗauka wata mata ake nufi. Ni na gane, saboda ni nake ɗinka musu riguna.

Yaya ba ya kiran na'urorinsa da sunan Turawa. Akwai wata tsohuwa baƙa mai nauyi, wadda ba ta aiki da wuta sai da hasken rana, ita ce Kaka. Akwai ƙanana da aka jera a kan dogon tebur, su ne 'yan makaranta. Sai wata babba fara da aka kawo daga ƙasar waje daga baya, ita ce Baƙuwa, kuma har ta tsufa bai sake mata suna ba. Kowacce yana so a yi mata murfi na yadi daidai jikinta, shi yake ce wa riga. Sai ya hau mashin ya zo shagona a Sabon Gari da awo a tafin hannunsa, ya ce, "Sarkin waswasi, ajiye kaftanin mutane, ga babbar mace ba riga." A ƙasan kowace na'ura kuma akwai wasu 'yan guntayen ƙarfe kamar babban yatsa, da gilashi a bakinsu, ana murɗa su a ɗaura, ana murɗawa a cire. Su ne masu gani, Baƙuwa huɗu gare ta. Yaya ido yake ce musu. Har 'yan jakunkuna na ɗinka wa idanun, na auduga mai laushi.

Sunan nan na Sarkin waswasi a ɗakin na same shi. Wata rana na kai riguna, ya ce in sunkuya in leƙa. Na ga wasu abubuwa suna ta iyo suna karo da juna, wasu da gashi, wasu kamar takalmi. Na ce, "Yaya, mene ne wannan?" Ya ce, "Ruwan rijiyar gidanka ne, ɗigo ɗaya." Ban sha ruwa ba ranar har magariba. Washegari na je wajen liman na tambaye shi ko alwala ta halatta da ruwan da ke ɗauke da masu rai haka. Liman ya dube ni ya ce, "Ka gan su da idonka?" Na ce da idon na'ura. Ya ce, "To na'urar ce za ta yi salla?" Da labari ya kai wa Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya ya gaya min ruwan kududdufin bayan ɗakinsu ne. Duk da haka har yau dafa ruwa nake yi.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba, don ƙarya a kan mamaci ma ƙarya ce. Ɗalibi ya makara kaɗan, ya rasa lokacinsa ke nan, ko ɗan wane ne. Na taɓa ganin ya kama wani saurayi ya ja bakin rigarsa zai goge ido. Ya daka masa tsawa: "Kai! Gilashin motar ubanka ne?" In mutum ya matso da fuska kusa da gilashi yana surutu, sai ya ce, "Numfashinka ruwa ne, ja da baya." Babban maƙiyinsa a duniya danshi ne. Ya ce damina ɗaya ta isa funfuna ta tsiro a cikin ido, ta yi masa yana kamar saƙar gizo, kuma in ta ci gilashi ba gyara. In an ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, haka zai yi ta zagaye yana shinshina iska kamar mai jinyar jariri. Yana da riƙo kuma. In ka ɓata masa, zai gaishe ka, zai zo sunan ɗanka, amma bai manta ba.

Matar nan da ta yi kuka, daga baya ta ba ni nata labarin. Tana shekarar ƙarshe, tana binciken wata cuta da ke cin ganyen masarar manoman Bomo. Ta tara ganyenta, sai wuta ta lalace a ɓangaren nan gaba ɗaya, janareta ba mai, ganye ya fara ruɓewa. Ta zauna a bakin ƙofa tana hawaye. Yaya ya fito ya ce, "Ke, kuka yana kawo wuta ne? Tashi ki kama min." Suka ɗauko Kaka suka aje ta a bakin taga. Ya koya mata yadda ake juya ɗan madubin ƙasa a kamo rana. Haka suka yi ta bin rana daga wannan taga zuwa waccan har ta gama. Ranar Lahadi ya ce ta je cocinta, ya riƙe mata ganyen cikin jiƙaƙƙen tsumma har ta dawo. Ta ce da ta kawo masa kaza don godiya, cewa ya yi, "Kai wa Kaka, ita ta yi aikin."

Yanzu Farfesa. A lokacin yana Dakta. Ina ɗakin ranar, na kai wa Baƙuwa sabuwar riga, sai ga shi da masinjoji biyu.

Ya ce, "Baba, za mu ɗauki wannan zuwa sashenmu."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce?"

"Ni na rubuta aka kawo ta. Shekara nawa na yi ina nema. Yanzu ɗalibaina na bin layi a bayan 'yan aji ɗaya masu kallon fatar albasa."

"Masu kallon fatar albasar nan su ne na bayanka."

"Baba, ba wa'azi na zo ji ba."

"Ni ma ba dako na zo yi ba. Ta kowa ce. In ta shiga ofishinka ta zama ta mai mabuɗin ofis."

Yaya ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Masinjojin suka dubi juna, don su ma Baba suke ce masa. Daktan ya fita yana cewa za a gani. Ina tsoron Allah, ba zan ce ba shi da hujja ko kaɗan ba. Shi ya sha wahalar nemo ta, kuma Yaya ya iya hana mutum abu da fuskar da za ta sa ya ji kamar ɓarawo. Amma abin da Yaya ya faɗa shi ya faru.

Jira kawai aka yi ya yi ritaya. A makon da zai tafi aka zauna aka raba ɗakin. Kowane sashe ya ɗauki rabonsa, aka kai ofisoshi aka kulle. Baƙuwa ta bi Daktan. Ɗakin kansa aka sa masa katako a tsakiya ya zama ofis biyu. Ba a kira Yaya zaman ba. An dai ba shi agogon bango.

Sau ɗaya ya koma. Daga can ya wuce shagona, ya zauna a benci bai ce a kawo shayi ba. Can ya ce, "Sabon mai gadi ya tambaye ni wa nake nema." Ya ce, "Na ga Kaka a baranda. Ba riga. Tantabara ta yi mata kashi a ka." Daga ranar bai sake ambaton jami'a a gabana ba, ni ma ban tayar ba.

A 'yan shekarun nan yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, aka yi masa aiki a asibiti, likita ya ce an sa masa ɗan gilashi a ciki. Ku riƙe wannan.

Daren ranar zaman makokin ban yi barci ba saboda maganar malaman nan biyu, sai da safe matar Yaya ta kira ni ciki, tana cikin takaba. Ta ce, "Baban yara, akwai abin da ke damuna. Ka san har ya cika hankalinsa na kan idon nan da aka yi masa aiki?"

Na ce, "Me ya ce?"

"Cewa yake, ku mayar da idon nan kafin damina. Na ce, Malam, ido ai naka ne, wa za a mayar wa? Ya ce, ba nawa ba ne. Ya faɗa ya sake faɗa. Muka ce zafin zazzaɓi ne. Da ya rasu sai na tsorata, na aika a tambayi liman ko sai an cire gilashin asibitin kafin a rufe shi. Liman ya ce a bar shi, ba komai. To ni dai har yanzu raina bai kwanta ba. Ko bashin asibiti ne bai gaya mana ba?"

Ina shago ranar da ya yi maganar, da ina nan da kalma ɗaya ta isa, da na ce masa, Yaya, idon wa? Ba laifinta ba ne. Matar da ta ga an fasa idon mijinta an sa gilashi, in ya ce ido, me za ta ɗauka?

Na ce, "Yaya yana da wani abu da yake ɓoyewa a ɗaka, wanda ba ya so a taɓa?"

Ta ce, "Sai dai kwalbar tsakuwarsa."

A saman kabad take, a cikin tsohuwar hula. Kwalba ce mai murfin roba, rabinta cike da wasu 'yan tsakuwoyi shuɗɗa masu tsotse danshi, irin waɗanda na saba gani a ɗakin madubi. In sun ƙoshi sukan koma ja-ja, sai a gasa su su dawo shuɗi. Ta ce tun da ya bar aiki yake karɓar kaskonta yana gasa su. In ta ce, "Malam, yau kuma tsakuwa za mu ci?" sai ya ce, "Abincin baƙuwa ne." Ita duk zatonta zolaya ce. A kan tsakuwar akwai 'yar jaka ta auduga. Ban buɗe ba na san ɗinkina. A ciki ido ne, tas, ko ɗigon yana babu.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne: in kai jami'a in miƙa. Na sa kayana masu kyau na tafi. Ofis na farko aka ce in rubuto. Na biyu aka ce ɗakin da nake magana babu shi, abin da babu shi kuwa ba ya karɓar kaya. Mai kula da sito, wani dattijo da ya san Yaya, ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, in ka shigo da shi ta hannuna, dole in rubuta yadda aka yi ya fita. Ka san abin da za a rubuta. Kana so a rubuta wannan a kan Baba?" Na mayar da kwalbata cikin jaka.

Na tsare Farfesa a wurin ajiye motoci. Ya ɗan yi jim kafin ya tuna. Ya ce, "Wannan na'urar? Ai tsohon yayi ce. Tun da aka raba sashenmu biyu ban san wa ya ɗauka ba, wataƙila an kai ta sabon gini." Ya buɗe mota, ya waiwayo ya ce, "Ka riƙe abin kawai, Malam. Na yafe."

Na yafe. Na taho da kalmar nan a kunnena tun daga Samaru har Palladan ban san na wuce ba. Shi wa? Abin da Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce na kowa ne, yau mutum ɗaya zai yafe shi ta tagar mota? Na koma wajen liman, wannan karon bai yi min dariya ba. Ya ce abin jama'a mutum ɗaya ba ya yafe shi, magada ba sa cin sa, sai dai a mayar da shi inda zai yi wa jama'a aikin da aka kawo shi ya yi.

Babban ɗan Yaya bai ga haka ba. Ya same ni a shago ya ce, "Baffa, akwai wani mai ɗakin gwajin jini a nan Sabon Gari, ya ce zai saya. A sa a cikin gado a huta."

Na ce, "Ba na ubanka ba ne. Da bakinsa ya faɗa."

"Mutanen da suka sallame shi da agogon bango za ka bi kana roƙo su karɓa?"

"Ba don su ba ne."

"To in ba nasa ba ne, me yake yi a ɗakinsa? Faɗa min, Baffa. Ubana ɓarawo ne?"

Ya tashi ya fita. Yaron da na yi wa ɗinkin suna, yanzu in mun haɗu a masallaci daga nesa yake ɗaga min hannu.

Matar nan ta kudancin Kaduna ta ce ita ta san dalili. Ta ce ofishin da aka kai Baƙuwa rufinsa na yoyo, ba na'urar sanyi, kuma ta taɓa jin Baba yana cewa idon nan shi ne mafi kyau a duk ɗakin, damina ɗaya za ta kashe shi a can. Ta ce ceto ya yi. Na ce ta gani da idonta? Ta ce a'a. Ina so in yarda da ita, wallahi ina so. Amma in ceto ne kawai, me ya hana shi gaya wa wani duk shekarun nan? Na san Yaya. Yana tausayin gilashi kamar ɗan da ya haifa, kuma yana da riƙo. Ina tsoron duka biyun ne suka murɗe idon nan tare, ya zo gida ya rasa yadda zai mayar ba tare da ya sunkuyar da kai ga mutanen da suka raba masa ɗaki ba. Sai ya yi ta gasa tsakuwa yana jiran ranar da ba ta zo ba.

Su da suka watsa ɗaki guda, suka bar Kaka a baranda, ba wanda ya ce musu ɓarayi. Shi da ya tsare ido ɗaya ko yana bai yi ba, shi ake yi wa dariya a jikin mota. Na bar wannan ga Allah. Nawa shi ne ya ce a mayar, kuma ni kaɗai na ji abin da yake nufi.

Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya kai gare shi, malami ko ɗalibi ko masinja ko mai shara, musamman waɗanda suka taɓa sunkuyawa a ɗakin nan. Abu biyu nake nema.

Na farko, in akwai wanda yake wurin ranar da aka kwashe kayan, ya ga abin da ya faru ko ya ji abin da Yaya ya ce, ya zo ya gaya min. In ma ramuwa ce, ku faɗa, zan iya ɗauka. Gara in roƙa masa gafara a kan abin da na sani, in kuma sami abin da zan gaya wa ɗansa.

Na biyu, ku taimaka ku leƙa bayan kabad, da ƙarƙashin tebur, da sito, da ofisoshin da aka daɗe ba a buɗe ba. Babba ce, fara. In ba a cire mata riga ba, koren yadi ne mai kauri, da aljihu a gefe na sa waya. Ɗinkin da jan zare ne, don koren ya ƙare min ranar, Yaya kuma ya ce ba zai jira ba. A baya akwai faci inda dutsen guga ya ƙona. In kun ɗaga rigar kun duba ƙasa inda idanu suke, za ku ga rami ɗaya ba kowa.

Shagona yana cikin teloli a Sabon Gari, ku ce ƙanen Baba mai madubi, za a nuna muku. Ba zan tambayi yadda aka yi ta je inda take ba, ba zan kira sunan kowa ba. Zan zo da idon, wanda ya iya ya ɗaura, in tsaya in ga ɗalibi ɗaya ya sunkuya ya leƙa, in koma kan kekena.

Ku yi wa Allah ku hanzarta. Jiya hadari ya haɗo ta gabas, yau da safe na duba kwalbar, tsakuwar ta fara ja.